Filin da Ba a Cewa Sannu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Ya Kaltum, ƙanwar mahaifiyata. Lokacin da ta bar mu ina aji biyu a ƙaramar sakandare, yanzu ga ni a ajin ƙarshe na babba, ina shirin jarrabawar fita. Ni ba mai yawan magana ba ce, duk wanda ya san ni a unguwar Bolori ta Maiduguri zai shaida. A wajen zaman makokinta mutane da yawa sun faɗi alherinta, ni ban iya cewa komai ba. Abin da na kasa faɗa a lokacin shi nake so in rubuta yau.

Idan na ce wa baƙo ta rasu a shekarun nan, yakan rage murya ya tambaye ni inda rikicin ya rutsa da ita. Ba abin da ya rutsa da ita. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a tsakiyar damina, cikin 'yan kwanaki Allah ya karɓi abarsa. A kan katifarta ta cika, kusa da keken ɗinkinta. A Maiduguri ta wancan lokacin, irin wannan mutuwar ma sai da ta zama abin da ake yi wa hamdala a hankali, don an ga gawa, an yi mata sutura, an san inda kabari yake.

Tela ce. Kullum tef ɗin awo yana rataye a wuyanta, ko abinci take ci, kuma takan yi magana da fil a gefen baki ba tare da ya faɗi ba. Ƙaramin yatsanta na dama a karkace yake. In aka tambaye ta sai ta ce ƙwallon raga ce ta karya shi tun tana 'yar makaranta, tana faɗa tana murmushi kamar wadda aka yi wa kyauta.

Ƙawarta Hauwa, wadda suka yi wasa tare a makaranta, ta rasa ƙafarta ta hagu ranar da bam ya tashi kusa da inda take jiran mota. Da aka sallamo ta daga asibiti muka je gaisuwa, ni ce mai riƙe kwanon abinci. Ɗakin cike yake da mata. Duk wadda ta shigo sai ta ce sannu, wata ta ce wushe da Barbarci, ta kalli wurin da zani ya kwanta ba komai a ƙarƙashinsa, ta kau da kai, ta ƙara wata sannun. Hauwa tana amsawa idonta a bango. Da ɗakin ya yi sauƙi sai ta juyo ta ce, "Kaltum, in kika ce mini sannu, wallahi da sandar nan zan jefe ki."

Ya Kaltum ta ce, "To me zan ce miki? Kin yi ƙiba, wannan kam gaskiya ce."

Suka yi ta dariya har Hauwa ta riƙe ciki. A hanyarmu ta komawa gida Ya Kaltum ta yi ta murza karkataccen yatsan nan. Ashe ta taɓa ganin wani wasa a talabijin, ƙwallon raga irin wadda ta sani, amma kowa a zaune a ƙasa, ragar ma an sauko da ita. Abin da take juyawa a ranta ke nan.

Wani shugaban makarantar firamare a unguwarmu ya ba ta aron zauren taronsu duk ranar Asabar. Rabin kwanon rufin iska ta tafi da shi, amma simintin ƙasan sumul yake, kuma shi ne abin da take nema. Ta yanka tsohon gidan sauro, ta yi masa baki da farin yadi, ta ɗaure tsakanin taga da taga. Ta ja layuka da alli. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya biya ta. Ta bi gida gida tana neman 'yan mata, waɗanda shan inna ya taɓa tun suna yara da waɗanda rikicin nan ya raba da ƙafa. Masu shan inna su suka zama malamai, domin sun daɗe da sanin yadda ake tafiya da hannu a ƙasa cikin sauri, sababbin kuwa sai koyo.

Ba lokacin taro ba ne. Mutane ko a masallaci waige suke yi. Samarin da ke tsaron bakin layi sukan buɗe jakarmu, su ɗauki ƙwallon su latsa, su kara a kunne su girgiza, sannan su miƙo mana. In an matso da dokar hana fita sai wasan ya koma hantsi, in an sassauta ya dawo bayan la'asar. Wata Asabar ɗin mukan ji ƙara daga nesa, kowa ya yi tsit, ƙwallo a hannun wadda za ta buga. Ya Kaltum takan saurara kaɗan, in ta ga ba kusa ba ne sai ta ce, "Wa ke da bugu?"

Ita ta ɗinka wa kowa wandon wasa da ragowar yadin masu kawo ɗinki, shi ya sa ba biyu da suka zo iri ɗaya. Takan ninka ƙyalle a mazauni don siminti. Abin da na fi lura da shi shi ne, ba ta yarda a naɗe ƙafar wando a soka fil. Sai ta auna inda ƙafar mutum ta tsaya, ta yanke, ta ɗinke bakin da kyau. Takan ce wando na mai shi ne, ba na ƙafar da ta tafi ba.

A bakin ƙofar zauren ake barin takalma, da sandunan dogarawa, da kekunan hannu, duk wuri ɗaya. Duk wadda ta shigo ƙasa za ta zauna, ko ƙafa nawa gare ta. Ya Kaltum kanta a zaune take koyarwa. Sai kuma dokar da aka fi sanin wurin da ita: a cikin layin allin nan ba a cewa sannu. In kika kife, ba mai taɓa ki, ba mai cewa wayyo. In kin ji ciwo na gaske ki ɗaga hannu, nan take za a zo. In ba ki ɗaga ba, ki tashi abinki, wasa na tafiya. Kada mai karatu ya ɗauka mace ce marar tausayi. A waje ba wanda ya kai ta sannu, ko tuntuɓe ɗan akuya ya yi a gabanta sai ta ce masa sannu. A cikin layin ne kawai ta hana.

Ni Mama ce ta tura ni, wai zaman ɗaki ya yi mini yawa. Na gwada bugu, ƙwallo ta fi son fuskata da hannuna. Ya Kaltum ta dube ni ta ce, "Zara da ke hango zaren da ya zare a rigar mutum tun daga bakin titi, ai ita ce mai layi." Ta zaunar da ni a kusurwa. Aikina in kalli inda ƙwallo ta sauka in ce ciki ko waje. Ban taɓa samun aikin da ya dace da ni kamar wannan ba.

Yanzu in na shiga zauren nakan tsaya in yi tunanin abin da za ta ce. An gyara rufin. Wata ƙungiya ta kawo raga ta gaske da riguna iri ɗaya masu rubutu a baya. Na san abu na farko da za ta yi shi ne ta juya rigar ta duba ɗinkin ciki, ta taɓe baki. Amma za ta ji daɗin ragar, don gidan sauron nan ya sha faci har ya gaji. Abin da ba na jin zai yi mata daɗi shi ne har yau sababbin 'yan mata ba su daina zuwa ba. Ta taɓa cewa fatanta wata rana wasan ya rasa sababbin shiga.

Cikin duk waɗanda suka zo a zamaninta, Yagana ce ta fi tsaya mata a rai. Sa'ata ce. Daga wani ƙauye gaba da Zabarmari suka gudo, mutanen noman shinkafa, a hanya ta taka bam ɗin da aka binne, ta rasa ƙafa ɗaya. Gwaggonta, Iya Bintu, mai tuyar ƙosai a bayan layinmu, ita ta riƙe ta. Kuma riƙo na ƙauna, har ya yi yawa. Ruwan sha sai ta kawo mata har baki. Da an yi sallama sai ta yi wuf ta ja zani ta rufe ƙafar. Yagana ta koma bayan labule, ta ƙi makaranta, ta ƙi ko tsakar gida in da baƙi. Na ji Ya Kaltum tana ce wa Mama, "Yarinyar nan in ta ƙara shekara a bayan labulen nan, ba za ta sake fitowa ba."

Da sunan awon wando ta fara fito da ita. Makonnin farko Yagana bango take jingina, ba ta magana, ba ta wasa. Amma daga kusurwata ina ganin idonta yana bin ƙwallo, yatsunta suna motsi a kan cinyarta duk lokacin da wata ta yi bugu. Wata rana ƙwallo ta gangaro gabanta. Ta ɗauka ta wurgo da hannu ɗaya, sai da ta tsallake raga ta bugi bangon can. Hauwa, wadda ta zama kyaftin, ta ce, "Ke 'yar nan! Wannan hannun kika zo kika ɓoye mana?" Yagana ta sunkuyar da kai ta ce korar tsuntsu ce a gonar shinkafa, da majajjawa. Tun daga ranar ta shiga layi.

Ba a daɗe ba ta fi kowa sauri. Wata Asabar muna sa takalma ta tambaye ni, ba tare da ta kalle ni ba, ko ƙofar ajinmu tana da matakala. Na ce tana da, amma gajeru ne. Da na gaya wa Ya Kaltum sai ta cire fil ɗin daga bakinta, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ta fara leƙen waje."

Bayan ƙaramar Salla sai Ya Kaltum ta gayyaci iyaye da matan unguwa su zo su ga abin da 'ya'yansu suka iya. Suka zo cikin lafaya, zauren ya cika da ƙamshin humra. Ba kujeru, sai suka jeru a tsaye jikin bango, wasu suna leƙe ta taga. Ya kamata a ce musu su zauna, a kuma gaya musu dokar wurin. Amma wa zai kalli sa'ar uwarsa cikin sabuwar lafaya ya ce mata ta zauna a siminti? Wa zai ce wa dattijuwa ta riƙe sannunta? Ya Kaltum ta ji nauyi, ta bar su a tsaye. Daga baya ta sha cewa wannan kunyar ta kusa cinye mata aikin shekara.

Wasa ya yi zafi. Aka bugo wata ƙwallo mai nisa wadda kowa ya fid da rai da ita. Yagana ta jefa jikinta gaba ɗaya, ta miƙe a ƙasa, ta sa bayan hannu ta tare ta dab da siminti. Ƙwallon ta tashi, ta tsallake raga, ta sauka a kusurwata. A daidai lokacin zauren ya ɗauka baki ɗaya: "Wayyo Allah! Sannu! Wushe, wushe!" Iya Bintu ta keta layi a guje, ta warware gefen lafayarta ta rufe ƙafar Yagana, ta rungumo ta kamar jaririya tana kuka tana cewa, "Ba na faɗa ba? Ba na faɗa ba?" Wata daga taga ta ce, "Allah sarki, abin tausayi. A bar marasa lafiya su huta mana."

Na ce ciki. Ba wanda ya ji ni, ko ni da ƙyar na ji kaina.

Yagana ba ta yi kuka ba. Na ga fuskarta ta koma yadda take a makonnin farko, kamar an rufe taga. Ta zame daga hannun gwaggonta, ta ja jiki zuwa ƙofa, ta ɗauki sandarta ta fita. Wasan a nan ya watse. Asabar ta zagayo ba ta zo ba, wata ta sake zagayowa ba ta zo ba. Iya Bintu ta aiko a ce an gode, amma yarinyarta ta bar wasa.

A gida Mama da Ya Kaltum suka yi ta ja. Mama ta ce, "Mutum ya faɗi a gabanki ki zuba masa ido? Wace irin tarbiyya ce wannan, Kaltum? Matan nan ba su yi laifi ba." Ya Kaltum ta ce, "Yaya, ban ce sun yi laifi ba. Amma yarinyar ba faɗuwa ta yi ba, wasa ta yi." Mama ta ce ita dai abin da idonta ya gani shi ne marainiya a kwance a ƙasa. Ina jin su ina tsince shinkafa. Can na ce, a hankali, ai ƙwallon ma a ciki ta faɗi.

Ya Kaltum ta tsayar da keken ɗinki. "Me kika ce?"

Na maimaita.

"To sa hijabinki. Ba ni za ki gaya wa ba."

Iya Bintu ta karɓe mu ba yabo ba fallasa, ta shimfiɗa mana tabarma a ƙofar ɗaki. Labulen a sake yake, amma ta ƙasansa ina ganin gindin sandar Yagana. Ya Kaltum ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce, "Yagana, ni ce Zara. Ƙwallon nan ta rannan a ciki ta faɗi."

Ina jin man ƙosai yana ƙara a kasko. Sannan aka ce daga ciki, "Kin tabbata?"

"A kusurwata ta sauka. Har ta bar tabo a jikin allin."

"An ba mu makin?"

"Ba a ba kowa ba. A nan aka tashi."

Labulen ya ɗan motsa. Ta ce, "Ke nan ba a gama wasan ba."

Amma ta ce ba za ta koma inda za a tsaya a kanta ana kallonta kamar gawa ba. Ya Kaltum ta juya wajen Iya Bintu, ta rusuna, ta ce laifin nata ne da ba ta yi musu bayani ba, kuma tana roƙon alfarma ɗaya: ranar Asabar Iya ta dawo da matan nan, amma wannan karon ba kallo za su yi ba, bugawa za su yi. Iya Bintu ta riƙe haɓa. "Ni? Da girmana in riƙa jan jiki a ƙasa kamar mai rarrafe? Kaltum, kanki ɗaya kuwa?" Sai muryar Yagana ta fito daga bayan labule: "In Iya ta buga, zan buga." Iya Bintu ta daɗe tana kallon labulen nan. Sannan ta ce wa Ya Kaltum, "To auna ni. Amma kada ki matse mini shi."

A makon nan keken ɗinki bai huta ba. Ranar Asabar mata suka zo, ba duka ba, amma sun isa gefe guda, har da Mama da aka ja da ƙyar. Suka cire takalma suka ajiye kusa da sanduna. Suka zauna a siminti suna nishi suna kiran sunan Allah, kowace tana gyara lafaya a kan wandon da ba ta saba da shi ba. Kafin a fara Ya Kaltum ta ce akwai sauran magana. "Mai layi, rannan ina ƙwallo ta faɗi?" Na ce ciki. Ta ce ba su ji ba. Na ɗaga murya yadda ban taɓa yi a gaban mutane ba, na ce, "Ciki!" Hauwa ta buga tafi, sauran suka ɗauka. Yagana tana kallon ƙasa, amma na ga gefen bakinta.

Ban taɓa ganin wasa irin na ranar ba. Ashe a zaune, ƙafa biyu kaya ne. Iyayenmu suka rasa inda za su ajiye su, in sun miƙe su sun tare hanya, in sun tanƙwashe sun kasa motsi. Dokar wasan ita ce kada mazaunin mutum ya bar ƙasa yayin bugu, Iya Bintu kuwa da ta hango ƙwallo sai ta yunƙura. Hauwa tana ta ihu, "Iya, kin tashi! Zauna!" Ita kuma tana cewa, "Ke rufe mana baki, na haifi wadda ta fi ki!" Can aka ɗago mata wata ta sama, ta miƙa hannu biyu, ta tafi da baya gaba ɗaya, ɗankwali ya yi nasa wuri.

Zauren ya yi tsit. Na ga bakin Mama ya buɗe, sannun ta taho har leɓe, sai ta sa hannu ta toshe. Iya Bintu tana kwance tana kallon rabin rufin da babu. Ta ce, "Yanzu duk cikinku ba mai ce mini sannu?"

Yagana ta ce daga can gefen raga, "Iya, a nan ba a cewa. In kin ji ciwo ɗaga hannu. In ba ki ji ba ki tashi, ke ake jira."

"Ja'irar yarinya!" in ji Iya Bintu. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta mirgina, ta dafa ƙasa, ta zauna da kanta, ta jawo ɗankwalinta tana haki tana dariya. Ranar na fara jin dariyar Yagana. Ƙarama ce, tana fita ta hanci, har yau haka take.

Da aka dawo daga hutu ta shiga makarantarmu. Na tsaya a bayanta ranar farko ina kallon yadda ta hau matakalar nan, sanda gaba, ita a baya. Hannuna ya so ya miƙa, na riƙe shi. Iya Bintu ba ta daina rufe mata ƙafa a gaban baƙi ba nan da nan, abin ya ɗauki lokaci, wani lokacin ma har yanzu hannunta yakan tafi neman zani sai ta tuna ta fasa.

Damina ta gaba ce ta tafi da Ya Kaltum. A kwanakin gaisuwa na sha sannu har na daina jin ma'anarta. Kowa ya shigo sai ya dafa kaina ya ce sannu, Zara, sai haƙuri. Na san don Allah suke yi, amma na koma ƙuryar ɗaki kusa da keken ɗinki na ƙi fitowa. A nan na gane abin da Hauwa take nufi ranar da ta ce za ta yi jifa da sanda. Ana nan sai 'yan wasa suka zo gaba ɗayansu. Suka bar sanduna da kekuna a bakin ƙofa tare da takalma, kamar yadda suka saba, suka shigo suka zauna a ƙasa kewaye da ni. Hauwa ta yi addu'a mai tsawo, ta roƙa wa mamaciya gafara da rahama, muka shafa. Ba wadda ta dafa kaina. Da za su tashi Yagana ta matso ta ce, "In an gama kwanakin makoki akwai wasa. Ba mu da mai layi."

Na je.

Yau Yagana ce kyaftin, tun da Hauwa ta yi aure ta koma unguwar Dala, ko da yake takan leƙo da goyonta ta yi mana tsiya. Tare za mu zauna jarrabawar fita. Garin ya ɗan saki, ana kaiwa magariba a waje, samarin bakin layi sun daina girgiza mana ƙwallo, ko da yake har yanzu akan wayi gari da labarin da ke sa kowa shiru. Baƙi sukan zo da manyan wayoyi su ɗauki hoto. Da yawansu a tsaye suke son ɗauka, daga sama, inda mutum yake fitowa ƙarami. Yagana takan tare su tun daga ƙofa, da fara'a, ta nuna musu inda ake ajiye takalma ta ce, "Bismillah, a zauna." Kunyar da ta hana Ya Kaltum magana rannan, ita ba ta da ita. Ina jin da Ya Kaltum za ta ga haka, dariya za ta yi har fil ya faɗo.

Nakan tambayi kaina me ya rage nata. Keken ɗinkin yana nan a lulluɓe, Mama ba ta yarda a taɓa shi. Wandunan da ta ɗinka duk sun mutu, siminti ya cinye su. Gidan sauron yana wajen Yagana a ninke. Ba ta bar ɗa ba, ba a sa sunanta a jikin komai ba, kuma yawancin yaran da ke zuwa yanzu ba su taɓa ganinta ba. Abin da na ga ya rage ƙarami ne, sai an lura. Wani ɗan jinkiri ne da ya shiga bakin matan layinmu. In yaro ya kife a gaban Mama yanzu, takan ɗan dakata ta duba tukuna, faɗuwa ya yi ko wasa yake. In faɗuwa ce, sannunta tana nan da zafinta kamar da. Allah ya jiƙan Ya Kaltum, ya sa ta huta, ya karɓi abin da ta yi ba don kowa ya gani ba.

Asabar ɗin da ta wuce wata ƙaramar yarinya da aka kawo kwanan nan ta bi ƙwallo ta miƙe a ƙasa, haɓarta dab da siminti. Ƙwallon ta tsallake raga ta sauka a kusurwata. Mahaifiyarta, da ke zaune kusa da Iya Bintu, ta yunƙura za ta tashi. Iya Bintu ta dafa mata gwiwa ba tare da ta kalle ta ba. Muka jira. Yarinyar ba ta ɗaga hannu ba. Ta ɗago kai, ba uwarta ta nema ba, kusurwata ta kalla.

Na ce mata ciki, yadda kowa zai ji.